"Albarka" Ba Ƙarshen Ciniki Ba Ce: Neman Amincewar Inshora Kan Tiyatar Rage Ƙiba a Amurka

Laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar a zaman wayar da kai na Hausawa mazauna unguwar Bronx, birnin Niyok



Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mana rai da lafiya har muka haɗu a wannan zaure. Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin wannan al'umma, yayyena da ƙannena, barkanku da yamma. Na san a cikinmu akwai wanda ya ajiye tasi a daidai lokacin da fasinja ya fi yawa, akwai wadda daga nan aikin dare za ta wuce. Allah ya saka da alheri.

Aikina jinya ne, a sashen tiyatar rage ƙiba na wani asibiti a nan birnin. Sai dai rabin yinina a kan waya da kwamfuta yake ƙarewa, ina kai ruwa rana da kamfanonin inshora. Abin da na koya a wannan fama shi na kawo muku yau.

Bari in fara da wata baiwar Allah, 'yar uwarmu ce, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Tana da ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyinta kuma sun kai ga sai a zaune take salla. Likita ya ba ta shawarar tiyata. Inshorarta ta ce sai ta yi wata shida a jere tana ganin likita kan rage nauyi. Ta yi biyar, sai aka yi mata rasuwar mahaifiya, ta tafi gida. Da ta dawo aka tura takardunta da giɓin wata guda, aka aiko mata da wasiƙar ƙin amincewa. Ta ninke wasiƙar ta jefa a jaka, ba ta gaya wa kowa ba. Sai bayan wata takwas ta sake zuwa wurinmu, sukari ya fara taɓa mata ido. Na ce, "Yaya, me ya hana ki kawo mana wasiƙar nan tun ranar da ta zo?" Ta ce, "Ƙanwata, ai na ɗauka Allah bai nufa ba."

Wa'adin ƙorafi ya riga ya wuce. Muka koma farko.

Duk wanda ya taɓa ciniki a Kurmi ko Kantin Kwari ko babbar kasuwar Damagaram ya san cewa idan ka yi tayi mai kaya ya ce "albarka", ba korarka ya yi ba. Ciniki ne ya fara. Wasiƙar farko ta kamfanin inshora sau da yawa irin wannan albarkar ce. Bambancin kawai shi ne a wannan kasuwa takarda ce ke magana, kuma akwai ranar da ake rufe rumfa.

Wace irin tiyata ce?

Mu fara kawar da wani ruɗani. Wannan tiyata daban take da zuƙe kitse da masu neman ado suke yi. A tumbi ake yin ta, wato jakar da abinci ke sauka a cikinta, wani lokaci har da ƙaramin hanji.

Iri biyu suka fi yawa. Ta farko, wadda likitoci ke kira silib, ita aka fi yi a Amurka yanzu. Ana cire kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin, a bar wani siriri mai siffar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne inda aka fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa bayan aikin yunwar kanta take lafawa. Ta biyu ita ce baifas. Ana keɓe 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran. Wani likita mai suna Edward Mason ne ya fara ta a Jami'ar Iowa a shekarun 1960. Tun daga farkon shekarun 1990 aka fara yin ta ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ba tare da an tsaga ciki ba.

Amfaninta ba zato ba ne. A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987, aka bi mutum fiye da 4,000 masu tsananin ƙiba shekara da shekaru. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata. A asibitin Cleveland Clinic kuma an gwada a kan masu ciwon sukari 150. Bayan shekara biyar, kashi 29 na waɗanda aka yi wa baifas da kashi 23 na waɗanda aka yi wa silib sun kai ma'aunin sukarin da ake nema, alhali a cikin masu shan magani kaɗai kashi 5 ne suka kai. Haɗarin rasa rai a aikin kuwa ya sauko zuwa kusan mutum ɗaya cikin dubu, kusa da na cire matsarmama.

Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka an huta. Wanda aka yi wa aikin zai sha bitamin har ƙarshen rayuwarsa. Wasu ƙwannafi na damunsu bayan silib. Wasu nauyin yana ɗan dawowa in suka saki jiki. Sabbin allurai irin su Wegovy, da aka amince da ita a 2021, da Zepbound a 2023, suna rage kimanin kashi 15 zuwa 20 na nauyin jiki, tiyata kuma kimanin 25 zuwa 30. Zaɓi tsakaninsu magana ce ta mutum da likitansa. Ni dai tawa ta fara ne daga inda likita ya ce tiyata ta dace, ya rage wa zai biya.

A 2022 an yi irin wannan aiki kusan 280,000 a ƙasar nan. Adadin kamar mai yawa, amma kimanin ɗaya cikin ɗari ne na waɗanda suka cancanta. Tsoro yana hana wasu, kunya tana hana wasu, da yawa kuma a ƙofar inshora suke juyawa.

Ma'aunin da suke dubawa

Abu na farko da ma'aikacin inshora zai nema a fayil ɗinka lamba ce da ake kira BMI. Lissafinta mai sauƙi ne. Ka ninka tsayinka na mita da kansa, ka raba nauyinka na kilo da abin da ka samu. Mace mai tsayin mita 1.65, wato ƙafa biyar da inci biyar, idan nauyinta kilo 110 ne, kimanin fam 242 ke nan, lambarta ta ɗan haura 40. Idan kilo 96 ne, ta ɗan haura 35.

A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, NIH, suka tara masana suka shata iyaka. Mai lamba 40 zuwa sama ya cancanci tiyata. Mai 35 zuwa sama ma ya cancanta idan yana da wani ciwo da ƙibar ta jawo, kamar sukari, hawan jini, ko ɗaukewar numfashi cikin barci. A 2006 shirin inshorar gwamnati na Medicare ya amince zai biya wa mai lamba 35 da ke da aƙalla ciwo ɗaya irin wannan, wanda kuma ya gwada rage nauyi ta hanyar likita bai dace ba. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ayyana ƙiba a matsayin cuta.

A 2022 ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka, ASMBS, da takwararta ta duniya suka sassauta ma'aunin. Suka ce mai 35 ya cancanta ko ba shi da wani ciwo, mai 30 zuwa 34.9 kuma a duba shi idan yana da ciwo irin na sukari. To kiɗa ya canja a wurin likitoci, amma kamfanoni da yawa har yanzu rawar 1991 suke takawa. Shi ya sa likita zai ce ka cancanta, inshora ta ce ba ka kai ba, kuma kowa da littafin da yake karantawa.

Darasin da ke nan shi ne, ciwon da ba a rubuta ba, a wurin inshora babu shi. Alhaji yana minshari har matarsa ta ƙaura falo, yana gyangyaɗi a jan wuta, amma bai taɓa yin gwajin barci ba. A fayil ɗinsa lafiyarsa ƙalau. Hajiya tana sayen maganin hawan jini daga gida ana kawo mata a jaka, likitanta na nan bai sani ba. A fayil ɗinta ba ta da hawan jini. Mai lamba 37 da bai bari an rubuta ciwonsa ba, da hannunsa ya rufe wa kansa ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Tambayar da ta riga kowace

Kafin ka yi gwaji ko ɗaya, ka ɗauki katin inshorarka, ka juya bayansa, ka kira lambar da ke jiki. Tambaya ɗaya za ka fara yi: shin tsarin da nake ciki yana biyan tiyatar rage ƙiba, ko an cire ta daga yarjejeniyar? Lambar aikin silib a wurinsu 43775 ce, ta baifas ta kyamara 43644. Ka faɗa musu lambar don kada a yi maka amsar wani aiki daban.

Dalilin tambayar shi ne sunan kamfanin da ke kan kati ba ya nuna abin da ke cikin yarjejeniya. Mutum biyu za su riƙe kati mai tambari iri ɗaya, a biya wa ɗaya, a hana ɗaya. Manyan wuraren aiki da yawa da kuɗinsu suke biyan jinyar ma'aikata, kamfanin inshora ɗan aike ne kawai mai riƙe littafi. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, kuma dokokin inshora na jiha ba sa tilasta masa abin da zai biya. Idan mai wurin aikin ya cire tiyatar, ta ciru. Dokar lafiya ta 2010 da muke kira Obamacare ma ba ta wajabta wannan tiyata a ƙasa baki ɗaya ba. Ta bar wa kowace jiha ta zaɓi ma'auninta, kuma kusan rabin jihohi ne suka sanya ta. Shirin inshorar gwamnati na Medicaid kuwa a galibin jihohi yana biya, har da nan Niyok, bisa sharuɗɗa.

Idan aka ce an cire ta, wasiƙar likita ko ta kai shafi ɗari ba za ta dawo da ita ba. Hanyoyin da suka rage su ne ka je ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinka ka roƙi a duba lamarinka, ko ka duba tsarin mijinki ko na matarka, ko ka jira lokacin canja tsari na shekara, wanda a kasuwar inshora ta gwamnati yake buɗewa a farkon Nuwamba. Idan kuwa aka ce tana ciki, ka nemi a aiko maka da sharuɗɗan a rubuce. Ka rubuta ranar da ka kira, da sunan wanda ya amsa, da lambar shaidar kiran. Ku sayi littafi guda don wannan aiki kaɗai, duk kira ya shiga ciki.

Doguwar hanyar sharuɗɗa

Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na watannin rage nauyi a ƙarƙashin kulawar likita. Wasu kamfanoni wata uku suke nema, wasu shida, kuma galibi a jere. Kowane wata sai an auna ka, an rubuta nauyin, an rubuta abin da aka tattauna kan abinci da motsa jiki. Idan ka je ganin likita saboda mura ya auna ka bai rubuta maganar nauyi ba, wannan ziyara ba ta shiga lissafi. Idan ka tsallake wata guda, da yawansu sai su ce a sake daga farko.

A 2016 ƙungiyar ASMBS ta fito fili ta ce babu hujjar ilimi da ta nuna wannan sharaɗi yana inganta sakamakon tiyata, jinkiri kawai yake jawowa, yana sa majiyyata su gaji su bari. Wasu kamfanoni sun sauke shi tun daga lokacin, wasu suna riƙe da shi. Ni ma a ganina shinge ne. Amma idan yana cikin yarjejeniyarka, sai ka tsallake shi da dabara. Ka ɗauki kalanda ka duba watan azumi, da lokacin aikin Hajji, da bikin da ake jiranka a gida. Ka karɓi ranakun ganin likita guda shida tun a zaman farko. Idan tafiyar dole ta taso, ka kira ofishin likita kafin ka hau jirgi, a tambayar maka ko inshorar za ta karɓi ganawa ta bidiyo, ko a matso da ranar. Da 'yar uwarmu ta yi wannan kira na minti biyar, da wataƙila labarinta ya canja.

Akwai zama da likitan halayyar ɗan Adam. Mutanenmu suna jin wannan sai ransu ya ɓaci, su ce an mayar da su mahaukata. Kowa ake turawa, Bature da Baƙi. Abin da ake so a sani shi ne ka fahimci aikin, kana da mai taimaka maka a gida, ba ka fama da damuwar da ba a kula da ita ba, ba ka shaye-shaye. Wanda yake shan maganin damuwa ya faɗa. Samun ciwon da ake kula da shi ba kasafai yake hana amincewa ba. Ɓoyewa a gano daga baya ita ke ɓata fayil.

Akwai zama da masaniyar abinci. Ku gaya mata gaskiyar abin da kuke ci. Idan tuwon shinkafa ne da miyar taushe, da shayi mai madara da sukari cokali huɗu da asuba, da lemon kwalba a cikin mota, ku faɗa, ku nuna mata hoto in ba ta san shi ba. Wanda ya ce ganye yake ci alhali fura ce da ƙosai, tsarin da za a ba shi ba zai yi masa aiki ba.

Akwai gwajin taba. Ana duba jini ko fitsari, kuma shisha da tabar lantarki da ta leɓe duk suna fitowa. Wannan sharaɗi yana da hujja, domin taba tana hana ɗinki warkewa, tana jawo gyambo a inda aka haɗa hanji. Sai gwajin jini, da na zuciya, da na barci, wani lokaci da zura kyamara a duba tumbi. Wasu kamfanoni kuma suna neman tarihin nauyinka na shekara biyu ko fiye. Wanda bai taɓa zuwa asibiti ba sai ciwo ya kayar da shi, a nan yake rasa abin nunawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ba ka da niyyar tiyata bana, ka riƙa zuwa duba lafiya na shekara, a auna ka a rubuta.

Idan an gama duk wannan, likita zai rubuta wasiƙar da ke bayyana cewa aikin larura ne. Wasiƙa mai kyau tana ɗauke da tsayi da nauyi da lamba, da kowane ciwo da maganinsa, da duk hanyar da aka gwada ba ta yi ba, da yadda ƙibar ta taɓa aiki da rayuwa. Ka taimaki likitanka da bayani. Direban da ba ya iya zama awa biyu a mota saboda baya, mai kitson da ƙafafunta ke kumbura kafin azahar, mai aikin jinya a gida da ta kasa ɗaga tsohuwar da take kula da ita, duk a rubuta. Ka karɓi kwafin komai. Ka kuma tabbata asibitin da likitan suna cikin jerin waɗanda inshorarka ke hulɗa da su, kuma cibiyar tana da shaidar ingancin da kamfanin yake nema.

Idan aka ce albarka

Yanzu mun zo zuciyar maganar. Wasiƙa ta iso, an ƙi. Kada ka yaga ta, kada ka ɓoye ta. Ka duba abu biyu a cikinta, dalilin ƙin da ranar da wa'adin ƙorafi zai cika. Doka ta wajabta musu su rubuta duka biyun.

Daga abin da nake gani a kan teburina, dalilin sau da yawa ƙarami ne. Takardar wata na huɗu ba ta shiga ba, ko an rubuta lambar aiki ba daidai ba, ko sakamakon gwajin barci ya maƙale a wani ofis. Irin wannan ana gyara shi cikin mako guda. Idan kuwa suka ce aikin ba larura ba ne, mataki na farko shi ne likitanka ya nemi magana ta waya da likitan kamfanin, ƙwarya ta bi ƙwarya. Na sha ganin hukunci ya juya a irin wannan kira kafin shayin likita ya huce. Ƙofar wannan kira takan rufe cikin 'yan kwanaki, saboda haka ranar da wasiƙa ta zo, ranar za ka kira ofishin likita.

Mataki na biyu ɗaukaka ƙara ce a cikin kamfanin. A galibin tsare-tsaren wurin aiki da na kasuwar gwamnati kana da kwana 180 daga ranar da aka sanar da kai, su kuma dole su amsa cikin kwana 30 tunda ba a riga an yi aikin ba. Masu Medicaid ta hannun kamfani wa'adinsu ya fi gajarta, kwana 60 ne, bayansa kuma suna da damar neman zaman sauraren ƙara na jiha. Kana da haƙƙin a ba ka kwafin fayil ɗinka da sharuɗɗan da aka yi hukunci da su, kyauta. Ka ɗauki dalilinsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ɗora masa takardar da ta rushe shi. Fushi da roƙo ba sa aiki a nan. Shafi da kwanan wata su ne ke aiki.

Mataki na uku shi ne wanda mutanenmu ba su sani ba. Idan kamfanin ya sake ƙi bisa hujjar cewa aikin ba larura ba ne, kana da wata huɗu ka nemi a kai maganar gaban likitoci masu zaman kansu, waɗanda ba sa cin albashin kamfanin. A dokar tarayya hukuncinsu ba ya wuce kwana 45, idan na gaggawa ne awa 72. A nan Niyok Ma'aikatar Harkokin Kuɗi ta jiha ce ke kula da wannan ga tsare-tsaren da ke ƙarƙashin dokar jiha, kuɗin shigarwa ba ya wuce dala 25, ana yafe wa marar hali, ana mayar wa wanda ya yi nasara. Abin da waɗannan likitoci suka yanke ya hau kan kamfanin, ko yana so ko ba ya so.

Ga wani lissafi da nake so ku tafi da shi gida. Cibiyar bincike ta KFF ta duba neman izinin jinya iri-iri a tsarin Medicare na kamfanoni a 2022. A cikin buƙatun da aka ƙi, kusan ɗaya cikin goma ne kawai aka ɗaukaka ƙara a kai. A cikin waɗanda aka ɗaukaka kuwa, fiye da takwas cikin goma an janye ƙin, gaba ɗaya ko wani ɓangare. Lissafin bai keɓanta da tiyatar ƙiba ba, amma ya nuna halin kasuwar. Mutum tara cikin goma suna jin albarka su juya, alhali mai kayan a shirye yake ya sallama.

Amincewa da biyan kuɗi

Samun amincewa ba ya nufin ba za ka kashe ko sisi ba. Yawancin tsare-tsare suna da wani adadi da sai ka biya da aljihunka a shekara kafin inshora ta sa hannu, wato kuɗin share fage, sannan akwai kason da ya rage a kanka, sannan akwai rufin da ba za a wuce ba a shekarar. Lissafin yakan koma sifiri a farkon Janairu. Wanda ya yi duk gwaje-gwajensa a Oktoba da Nuwamba aka sa masa tiyata a Janairu, sau biyu zai biya kuɗin share fage. Takardar amincewa ma tana da ranar ƙarewa, kuma idan ka canja aiki ko inshora a tsakani, ta mutu. Tun daga 2022 akwai dokar da ta hana a yi maka ba-zata da lissafin likitan sa barci da ba ya cikin jerin inshorarka, muddin asibitin yana ciki. In irin wannan takarda ta zo, ka tambaya kafin ka biya.

Wanda zai biya da kansa a Amurka, aikin yakan kama daga dala 15,000 zuwa 25,000, wani wuri ya fi haka. Shi ya sa ake ta tallar Meziko da Turkiyya a Facebook da TikTok da kuɗi kaɗan. Akwai ƙwararrun likitoci a can, ban musa ba. Amma a 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi gargaɗi kan wata ƙwayar cuta mai bijire wa magunguna da aka samu a jikin mutanen da suka dawo daga tiyata a garin Tijuana, galibinsu ta rage ƙiba. Kafin ka sayi tikiti ka tambayi kanka, idan ɗinki ya yi yoyo bayan kwana goma, wa zai karɓe ni, wa zai biya? Wasu tsare-tsaren da suka cire tiyatar sun cire har da matsalolin da za su biyo bayanta.

Abin da ya shafe mu

Mun taso a inda ƙiba alamar jin daɗi ce. Amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai a fara tambayar ko lafiya a gidan. Har ƙwayoyin sha-ka-fashe ake saya. Mun zo ƙasar da abinci mai maiƙo da zaƙi ya fi komai araha, aikinmu kuma na zama ne ko na dare. A ƙasar nan kusan mutum huɗu cikin kowane baligi goma suna da ƙiba, kuma ba mu tsira ba. Duk da haka wadda ta nemi tiyata sai a ce ragwanci ne, ko ta raina halittar Allah. Hukuncin addini na malamai ne, ga su nan zaune, ku tambaye su tare da bayanin likita a hannu. Abin da na sani a fagena shi ne matar da sukari ke cin idonta magani take nema.

Mazaje, matanku suna buƙatar wanda zai kai su asibiti sau shida, ya riƙe yara, ya haƙura da canjin girki. 'Yan uwana mata masu neman haihuwa, ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin, ku tattauna wannan da maigida tun da wuri. Maganar azumi kuma a yi ta da likita kafin a sa ranar tiyata, domin a watannin farko ruwa ma kurɓa-kurɓa ake shan sa yini guda, ƙishirwa tana iya kwantar da mutum a asibiti.

Sai harshe. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 da dokar lafiya ta 2010 sun wajabta wa asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya ya samar maka da tafinta kyauta. Ka ce Hausa kake so, za a nemo ta waya. Ku daina sa ɗan shekara goma sha biyu ya fassara wa uwarsa maganar al'ada da damuwa da nauyi. Uwar za ta ɓoye rabi saboda kunya, yaron ya zubar da rabin abin da ya rage.

Kammalawa

'Yar uwarmu da na fara da labarinta ta sake yin wata shidan, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Aka sake ƙi, wai tarihin nauyinta bai cika ba. A wannan karon washegari da safe wasiƙar tana kan teburina. Muka nemo tsofaffin takardunta daga asibitin da ta haihu, likita ya kira likitansu, aka amince. Yau a tsaye take salla. Idon da sukari ya taɓa a watannin da wasiƙa ta yi a jaka kuwa bai dawo daidai ba.

Tawakkali gaskiya ne, kuma cika takarda a kan lokaci ba ya warware shi. Roƙona gare ku uku ne. Ku je a auna ku, a rubuta kowane ciwo da sunansa. Ku kira lambar da ke bayan katinku cikin makon nan ku ji abin da yarjejeniyarku ta ƙunsa. Duk wanda kuma yake da wasiƙar ƙin amincewa a jaka ko a ƙarƙashin katifa, ya fito da ita daren yau ya duba kwanan watan da ke kanta, gobe da safe ya kai ta ofishin likitansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu.